Zafi, Ƙura da Dalma: Tarihin Gyaran Na'urar Gem a Ƙasar Adar

Garin Tamaske yana cikin gundumar Keita ta jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, a tsakiyar ƙasar Adar, inda tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai da kwaruruka masu dausayi ke bin juna tun daga Keita har zuwa Buza da Madawa. An san mutanen wannan yanki da noman albasa a fadamu, an kuma san su da fatauci da tafiya cin rani zuwa Kano da Legas da Kwatano da Abijan. Ta hannun waɗannan fatake da 'yan cin rani ne kayan lantarki suka riƙa shigowa garuruwan Adar, rediyo da rakoda da farko, sannan talabijin da bidiyo, daga baya kuma na'urar wasan da yara ke kira gem, wato akwatin da ake haɗawa da talabijin a buga ƙwallo ko dambe a cikinsa ta hanyar danna maɓallai. Da yake an tsara waɗannan na'urori ne domin ɗakuna masu sanyi da tsabtar iska, zuwansu ya haifar da rukunin masu sana'a waɗanda babban aikinsu, ko an faɗa ko ba a faɗa ba, shi ne sasanta na'ura da zafin bazara da ƙurar hunturu.

Asalin sana'ar yana wajen masu gyaran rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gidan rediyon Nijar ya buɗe a Yamai a 1958, aka kuma kafa ƙungiyoyin sauraron rediyo a ƙasar a 1962, don haka kafin ƙarshen shekarun 1960 ƙaramar rediyo mai batir ta zama abokiyar tafiyar falke da manomi. Mai gyaranta kan zauna a rumfar kasuwa da ƙarfen liƙi wanda, a inda babu lantarki, ake gasawa a garwashin gawayi, da 'yar igiyar dalma da tarin matattun rediyoyi da yake ciro kayan gyara daga cikinsu. Rediyo ba ta cin wuta sosai, saboda haka ba ta yin zafi, kuma yawancin ciwonta bai wuce ruwan batir da ya zuba ya ci ƙarfe ba, ko ƙura da ta shiga maƙunnin murya. Talabijin ce ta fara koya wa masu gyara darasin zafi. Nijar ta soma talabijin ta makarantu a 1964, tashar Télé Sahel ta kama aiki a 1979, aka riƙa kafa akwatunan kallo na jama'a a ƙauyuka, wasu ma masu aiki da hasken rana. Da bidiyo ya yaɗu, gidajen kallo suka cika da finafinan Indiya, sannan na Hausa bayan fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, sai ga na'urori suna yini suna aiki a ɗakunan da babu tagar kirki. A nan ne matsalar da har yau ba a rabu da ita ba ta bayyana sarai: uwargida kan lulluɓe talabijin da ƙyalle mai ado don kada ƙura ta shiga, ƙyallen kuma ya toshe ƙofofin da zafi ke fita ta cikinsu. Duk abin da ya tsare ƙura daga waje yana tsare zafi a ciki, duk abin da ya buɗe wa zafi hanyar fita kuma ya buɗe wa ƙura hanyar shiga, kuma tsakanin waɗannan biyu ne tarihin sana'ar baki ɗaya ya gudana.

Ya kamata a fayyace yadda zafin ke samuwa kafin a ci gaba. Kusan dukkan wutar da na'urar lantarki ta sha takan rikiɗe ta koma zafi, kuma ana auna yawan shan da ma'aunin da ake kira wat. Mafi yawan zafin na taruwa ne a ƙwaƙwalwar na'ura, wato 'yan ƙananan falle masu kusurwa huɗu da ke lissafi da zana hoto, waɗanda faɗinsu bai fi na farcen babban yatsa ba. A kansu ake ɗora ƙarfen jan zafi, wani dunƙulen alminiyam ko jan ƙarfe mai fikafikai da yawa, wanda ke zuƙe zafin ya miƙa wa iska, a tsakaninsu kuma ana shafa wani mai mai kauri da ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani, domin iskar da ta maƙale a irin waɗannan ramuka ba ta bari zafi ya wuce. Fanka, in akwai ta, ita ke korar iskar da ta yi zafi ta jawo sabuwa. Abin lura a nan shi ne fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iyakarta ta kawo iskar ɗaki, don haka na'ura ba za ta taɓa fin ɗakin da take ciki sanyi ba. Kamfanin Sony kan rubuta a littafin na'urorinsa cewa a yi amfani da su a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 35 a ma'aunin Salshiyos, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin rana a yankin Tawa kan haura digiri 40 a inuwa. Ma'ana, na'urar da aka kunna da azahar a bazara ta riga ta ƙetare iyakar da maƙerinta ya gindaya tun kafin a buga wasan farko.

Na'urorin farko da suka iso ba su da wannan damuwa sosai. Famicom na kamfanin Nintendo, wanda ya fito a Japan a 1983, da kwaikwayonsa masu araha da aka riƙa ƙerawa a Taiwan da Sin, da Mega Drive na kamfanin Sega na 1988, duk da kaset mai tauri suke aiki, ba su da fanka, ba su da wani abu mai juyawa a ciki. Abin da ke ƙonewa shi ne mayin wuta, wato baƙin dunƙulen da ake sokawa a bango, musamman idan na'urar ta Japan ce mai bolt 100 ko ta Amurka mai bolt 120 aka soka ta kai tsaye a wutar Nijar mai bolt 220. Wannan ya sa ƙaramar taransifoma mai rage ƙarfin wuta ta zama dole, ita ma kuwa wani tushen zafi ce da ake ajiyewa a gefen na'ura.

Shekarar 1994 ce ta sauya lamarin ta fuska biyu. A watan Janairu aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, abin da ya ninka farashin duk sabon kayan da ake shigowa da shi, ya kuma ƙara tura jama'a ga kayan gwanjo da ake kira 'yan Kwatano, waɗanda ke sauka a tashar jiragen ruwan Benin ko ta Legas, su bi ta kasuwar Alaba a Legas ko ta Sabon Gari a Kano, su shigo ta Illela da Ƙonni ko ta Katsina da Maraɗi. A watan Disamba na wannan shekara kuma Sony ya fitar da PlayStation a Japan, na'urar da ta maye gurbin kaset da faifan CD. Kafin ta iso Adar takan shafe shekaru a hannun wani, kuma ba ta zuwa don zaman falo. Takan faɗa hannun mai gidan gem, saurayin da ya kama shago ya jera talabijin biyu ko uku da benci, yara na biyan kuɗin kowane wasa, galibi ƙwallon Winning Eleven na kamfanin Konami. Na'urar da aka tsara don wasan awa ɗaya ko biyu bayan tashi daga makaranta sai ta koma yin aiki daga hantsi har bayan isha'i.

A kan wannan na'ura ne aikin sauya fasali ya kankama. Kamfanoni kan kulle na'ura ta yadda ba za ta karanta faifan da aka yi wa wata nahiya ba, balle wanda aka kwafa, kuma tsarin launin hoto na Japan da Amurka ya saɓa wa na talabijin ɗin da ke yankin, har hoto kan fito baƙi da fari. Mai gyara kan liƙa wani ɗan ƙaramin falle a kan allon na'ura da siraran wayoyi don ya buɗe wannan kulli. Ba a musun cewa wasa da faifan kwafi cin haƙƙin masu fasaha ne, amma kuma gaskiya ce cewa babu wani kamfani da ya buɗe shagon sayar da faifan asali ko wurin gyara a wannan yanki, don haka duk ilimin da aka tara a kan cikin na'urar ta wannan ƙofa ya shigo. Samfurin farko na PlayStation ba shi da fanka, kuma an ɗora idon da ke karanta faifai kusa da sashen wuta, a kan wata hanyar roba da zafi da gogayya ke cinyewa sannu a hankali har idon ya karkace, hoto ya riƙa tsalle. Masu wasa a ko'ina cikin duniya sun gano cewa in aka kifa na'urar takan ci gaba da karantawa, domin nauyin idon ya koma ɗaya gefen, kuma Sony ya matsar da idon nesa da sashen wuta a samfuran baya.

PlayStation 2, wanda ya fito a watan Maris na 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 155 nasa, shi ne ya fi kowace na'ura daɗewa a gidajen gem na ƙasar Hausa. Yana shan wajen wat 50, ninki uku na wanda ya gabace shi, don haka aka sa masa fanka a baya. Fankar ta rage zafi, amma ta mayar da na'urar mazuƙar ƙura. A watannin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar arewa maso gabas ke ɗauko lallausar ƙasa daga Sahara har rana ta dushe, ƙurar kan kwanta a fikafikan ƙarfen jan zafi ta haɗu da zare da gashi ta zama kamar bargo, sai bazara ta riski na'ura a toshe. Sirantaccen samfurin da ya fito a 2004 ya fitar da sashen wuta waje, dabarar da ta rage zafin ciki, ko da yake a watan Satumba na 2005 Sony ya janye mayan wuta kusan miliyan 3.6 na wannan samfuri saboda suna iya yin zafi fiye da ƙima. Babban sauƙi ya zo ne daga wata hanya dabam. Bayan bayyanar manhajojin Free McBoot da Open PS2 Loader, masu gyara sun iya ɗora wasanni a kan filashi ko rumbun ajiyar kwamfuta, faifai ya daina juyawa, idon da ƙura ke makantarwa ya huta, injin da ke juya faifan ya daina ƙara nasa zafin. Wannan gyara bai taɓa fanka ba, amma cikin dukan sauye-sauyen da aka yi wa na'urar da wuya a sami wanda ya fi shi tsawaita ranta.

Xbox 360 na kamfanin Microsoft, na Nuwamban 2005, da PlayStation 3 na Nuwamban 2006, su ne suka nuna cewa matsalar zafi ta fi ƙarfin maƙeran kansu. Samfuran farko na PlayStation 3 kan sha kusan wat 200 a lokacin wasa, fiye da ninki goma na PlayStation na fari. Xbox 360 ya riƙa mutuwa da jan haske a maɓallin kunnawa a ƙasashe masu sanyi ma, har a watan Yuli na 2007 Microsoft ya tsawaita garantinsa zuwa shekara uku, ya ware fiye da dalar Amurka biliyan ɗaya don gyara. Daga baya kamfanin ya bayyana cewa yawan ɗumama da hucewa ne ke tsinka mahaɗan da ke cikin fallen zana hoto. Lamarin ya zo daidai da lokacin da masana'antu ke barin tsohon haɗin liƙi na kuza da dalma, mai narkewa a digiri 183, zuwa sabon haɗi marar dalma mai narkewa a wajen digiri 217, bisa dokar Tarayyar Turai da ta fara aiki a Yulin 2006, kuma masana da dama na ganin sabon haɗin bai kai tsohon jure miƙewa da tsukewa ba. Irin waɗannan na'urori da suka riga suka raunana ne da yawa suka biyo jiragen gwanjo. Maganin da ya yaɗu shi ne a hura wa fallen iska mai zafi da na'urar da masu gyaran waya ke amfani da ita, na'urar gem ta farfaɗo ta yi makonni ko 'yan watanni ta sake mutuwa. Mai gyaran da ya karɓi kuɗin wannan aiki ba tare da ya gaya wa mai kaya cewa jinkiri ne kawai ya sayar masa ba, ya ci amanar sana'arsa.

Dabarun sanyaya na'ura da masu gyara suka tara ba darajarsu ɗaya ba. Mafi inganci kuma mafi araha shi ne a kwance na'ura a share ta da burushi da mahuri bayan hunturu, a kankare busasshen man jan zafi a shafa sabo daidai gwargwado, domin man kan bushe ya tsage bayan shekaru, kuma man goge haƙori da wasu ke sawa a madadinsa yakan ƙafe cikin kwanaki. Na biye da shi shi ne ƙara gudun fanka, ko dai ta hanyar haɗa ta kai tsaye da layin bolt 12 ta yi ta gudu ba sassauci, ko kuma, a PlayStation 3 da aka buɗe kullinsa, ta manhajar webMAN wadda ke nuna zafin ƙwaƙwalwa a kan allo ta kuma bar mai na'ura ya zaɓi gudun da yake so. Hanyar manhaja ta fi, domin fankar da ke gudu iya ƙarfinta kullum tana saurin cinye gindinta, tana kuma ninka ƙurar da take shigarwa. Wanda ya fi yawan ruɗar mutane shi ne huda murfi ko cire shi gaba ɗaya. A ido abin kamar hikima ne, amma maƙera sun tsara murfin ne ya tilasta wa iska bin wata hanya, ta shafi sashen wuta da rumbun ajiya da sauran sassa kafin ta fita, kuma ramin da aka huda daidai saman fanka yakan sa iska ta yanke hanya, ƙwaƙwalwa ta ɗan huce, sauran sassan kuma su gasu a ɓoye. Daga cikin masu gasuwar akwai 'yan gwangwanayen ajiyar wuta, waɗanda ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ta ce kowane ƙarin digiri 10 na rage rabin tsawon rayuwarsu. Idan dole sai an huda, wajibi ne a rufe ramin da raga mai laushi da za a riƙa wankewa, a kuma tabbata sabuwar fankar da aka ɗora tana tura iska ta fuskar da tsohuwar ke turawa.

Tun da na'ura ba ta fin ɗakinta sanyi, rabin maganin yana ga ginin. Adarawa ba baƙin wannan ilimi ba ne, domin soron ƙasa mai kaurin bango kan jinkirta shigar zafin rana har sai dare ya yi, kuma rudun da manoman albasa ke ɗagawa bisa ƙafafu don iska ta ratsa ta ƙasa ya daɗe yana tsare amfanin gona daga ruɓa. Sai dai gidan gem ba kasafai yake samun soro ba, yawanci shagon bulo ne ko rumfar kwano, wadda rufinta ke gasuwa da rana ya riƙa feso zafi a kan mutane goma sha da suka cunkushe a ciki. Ɗaga na'ura bisa 'yan katakai, nisanta ta daga bango da bayan talabijin, da shimfiɗa zana ko tabarma a ƙarƙashin rufin kwano, sun fi sabuwar fanka amfani a mafi yawan lokuta. Hanyar sanyaya da ta fi dacewa da busasshiyar iskar yankin, wato tsotsewar ruwa da ke sanyaya randa, wadda Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gina dabararsa ta tukunya cikin tukunya a kanta har ya sami kyautar Rolex a 2000, ba ta da shiga cikin na'ura, domin laima da ƙura in sun haɗu a kan allo sukan ci ƙarfe su haɗa wuta. Iyakarta a yayyafa wa ƙasan ɗaki ruwa don ƙura ta kwanta. Ko itatuwan kare iska da aka fara dasawa a kwarin Majiya na Buza a 1975, da aikin raya karkara na Keita da aka soma a 1984 da tallafin Italiya, suna da hannu a wannan zance, tun da ƙasar da saiwa ta riƙe ba ta tashi ta shiga shago.

Wutar kanta wani tushen zafi ce. An kafa kamfanin wutar lantarki na Nijar, NIGELEC, a 1968, kuma yankin da ya haɗa Maraɗi da Damagaram da Tawa ya dogara ƙwarai ga layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, tare da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018. Lokacin da Nijeriya ta yanke wutar a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024, masu shaguna sun koma ga ƙananan injinan wuta waɗanda ƙarfinsu ke hawa da sauka, abin da ke wahalar da sashen wutar na'ura, kuma kowace ɗaukewar wuta tana tsayar da fanka alhali ƙarfen yana kan ganiyar zafinsa. A nan tsohuwar na'ura mai ƙaramin ci ta nuna fifikonta, domin sirantaccen PlayStation 2 bolt 8.5 kawai yake bukata, abin da batirin hasken rana da ɗan mai daidaita wuta za su iya bayarwa.

Tun zuwan wayar salula, wadda kamfanin Celtel ya fara aikinta a Nijar a 2001, masu gyara da yawa sun karkata ga waya, yara ma sun sami wasanni a tafin hannunsu, amma gidan gem bai mutu ba, kuma PlayStation 4 na 2013 ya shigo da tsohuwar matsalar toshewa da ƙura cikin sabon murfi. Har yau ana koyon sana'ar ne a gaban maigida, yaro ya fara da share allo da riƙe waya kafin a ba shi ƙarfen liƙi, kuma abin da aka gano a wani shago ba ya wuce bakin ƙofarsa, in maigida ya bar aiki ya tafi da shi. Ya dace cibiyoyin koyar da sana'o'i na gundumomin Keita da Buza da Madawa su gayyato ƙwararrun masu gyara su koyar, a haɗa musu da ma'aunin zafi da na wuta da bayanin hanyar iska cikin harshen Hausa, a kuma sa sharar na'ura a ƙarshen kowane hunturu ta zama darasin farko da ake koya wa duk yaron da ya zo koyon aikin.